Ciwon Dajin Baki da Maƙogwaro Idan Ya Dawo

Jama'ar Malanville da na ƙetaren gada a Gaya, a ba mu aron kunne. Akwai ciwon dajin da ke kama harshe, dasashi ko maƙogwaro, wanda taba da giya ke kan gaba wajen jawo shi, har da garin tabar nan da ake cusawa a leɓe. Mugun halinsa shi ne, ko an yi aiki an gasa shi da na'ura, yakan sake kunno kai, kuma dawowar ta fi zuwan farko taurin kai.

Shi ya sa likitoci suka shiga gwada magunguna a haɗe. A 2008, Farfesa Jan Vermorken na Beljiyam da abokan aikinsa suka raba majinyata 442 kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashin farko aka ba su magungunan da aka saba ta jijiya, na biyu aka ƙara musu cetuximab. Tsaka-tsakin kwanan da suka yi a raye ya tashi daga wata 7.4 a kashin farko zuwa 10.1 a na biyu. A 2019 wani gwajin na mutum 882 ya haɗa da pembrolizumab, mai farkar da garkuwar jiki, aka kai wata 13.

A lura fa, watanni ake ƙirgawa, ga shi kuɗin maganin ya fi ƙarfin mai sayar da albasa a kasuwarmu. Wanda aka gano ciwonsa yana ƙarami kuwa, sau da yawa warkewa yake yi. Don haka gyambon baki da ya wuce mako uku, ko muryar da ta dushe ta ƙi washewa, ko ƙullutu a wuya marar zafi, ba na wanzami ba ne, kada a ce beli ne a sa aska. A nufi asibitin yankin Malanville da Karimama, a karɓi takardar zuwa Paraku ko Kwatano, inda za a ɗebi tsoka a auna.

Mutanenmu na tsoron kalmar gwaji tun gwajin maganin da aka yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kuma ba a ga laifinsu ba. Amma a ƙa'ida ba a sa mutum cikin gwaji sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda, ya sa hannu ko ya dangwala. In ya fasa daga baya, likita zai ci gaba da duba shi kamar kowa.