Riƙon aiki sana'a ce da ake koya

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ku da kuka shiga karatu da girmanku, ga wata tambaya. A garinku, wa ke riƙe da littafin ƙungiyar manoma? Wa ke riƙe da mabuɗin bankin cimaka? Wa ke rubuta kuɗin da ake biya a famfo? Kun san shi, kun san gidansu. Idan mutumin nan ya iya aikinsa, kowa sai ya kwana da kwanciyar hankali. Idan bai iya ba, ko da shi mai gaskiya ne, dukiya za ta lalace. Bayan dukiya kuma sai zumunci ya lalace, domin kowa zai fara zargin ɗan'uwansa.

Da yawa cikinmu muna ɗauka shugabancin aiki baiwa ce kawai, ko gado ne. Akwai baiwa, gaskiya ne. Amma riƙon aiki sana'a ce kamar ƙira ko gini. Ana koyon ta. Har makaranta gare ta, a nan cikin jiharmu ta Tawa. Da Faransanci ana ce wa wannan karatu jestiyon, wato gudanarwa.

Mi ne ne aikin mai gudanarwa?

Mai gudanarwa shi ne wanda aka ɗora bisa aikin wasu da dukiyar wasu. Ba shi ke shuka ba, ba shi ke ɗaukar buhu ba. Aikinsa huɗu ne.

Na ɗaya, ya tsara aiki tun kafin a fara: mi za a yi, yaushe, da kuɗi nawa.

Na biyu, ya raba aiki: wane ga awo, wance ga rubutu, wane ga gadi.

Na uku, ya bi sawun aiki, ya ga ko ana yin sa yadda aka shirya.

Na huɗu, ya tsaya gaban masu dukiya ya ba da lissafi, dala bayan dala.

Wanda ya bar ɗaya daga cikin huɗun nan, aiki zai gurgunce a hannunsa.

Misali da albasa

Mutanen Madawa ba sa bukatar a gaya musu darajar albasa. A kwarin Tarka, daga Tunfafi zuwa Sabon Gida, albasa ce ke biyan bashi, ita ke yin aure, ita ke gina ɗaki. Manyan motoci na ɗaukar ta har Abijan da Akara da Kwatano. Kowa ya san lokacin girbi tana araha, da damina ta yi nisa kuma sai ta yi tsada. Shi ya sa ake ajiye ta cikin rudu.

To, mu yi lissafi tare. Wannan misali ne kawai, domin farashi yana canzawa kowace shekara.

Mu ce wata ƙungiya ta sayi buhu 100 lokacin girbi, kowane buhu jikka 10. Kuɗin saye ya kama jikka 1.000, wato miliyan ɗaya. Gyaran rudu da ɗauko da ladan mai gadi sun ci jikka 120. Jimla jikka 1.120 ke nan.

Bayan wata biyar aka buɗe rudu. Wata albasar ta ruɓe, saura ta bushe ta rage nauyi. Da aka zuba cikin buhu, sai aka samu buhu 70.

Ranar nan buhu yana jikka 15 a kasuwa. Mutane suka ce: "Madalla! Mun saya 10, ga shi yanzu 15. Mu sayar, mun ci riba." Ku ɗauki alli ku duba. Buhu 70 sau jikka 15, jikka 1.050 ne. An kashe 1.120. Ashe hasara aka yi ta jikka 70.

Mai gudanarwa da ya iya aikinsa zai raba 1.120 gida 70, ya samu 16. Sai ya ce wa jama'a: "In mun sayar ƙasa da jikka 16, uwar kuɗi ma ba ta dawo ba." Daga nan ƙungiya za ta yi shawara da idonta buɗe: ko ta jira farashi ya ƙara hawa, ko ta sayar yanzu don gudun ƙarin ruɓewa. Badi kuma zai sa a riƙa buɗe rudu a kai a kai ana tsince ruɓaɓɓiya, kada ta kama sauran.

Wannan lissafi shi ne tushen karatun gudanarwa. Abin da ake yi a jami'a shi ne faɗaɗa shi.

Abin da muka gani da idonmu

Dattawan Keita sun tuna da babban aikin gyaran ƙasa da aka fara a shekarar 1984, bayan fari ya cinye gonaki da dabbobi. Ƙasar Italiya ce ta ba da kuɗi, tare da hukumomin FAO da PAM na Majalisar Ɗinkin Duniya. An jera duwatsu bisa fako, an haƙa ramuka a jikin tudu don tare ruwa, an dasa itatuwa, an yi madatsai. Mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, domin maza sun tafi cin rani. Da abinci ake biyan ladan aiki.

Ku yi tunani a kan wurin aiki guda ɗaya. Dole a samu mai kiran suna kowace safiya. Dole a samu mai rubuta kwana nawa kowace mace ta yi. Dole a samu mai lissafin buhunan da suka shiga magaza da waɗanda suka fita. In an yi kuskure a littafi, wata uwa za ta koma gida hannu wofi, alhali ta wuni tana ɗaukar dutse.

Haka ma a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza. Tun daga 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoma suka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. Da itatuwan suka girma, sai sababbin tambayoyi suka taso. Wa zai sare? Yaushe? Yaya za a raba itace tsakanin mai gona da gari? Dashen itace aikin hannu ne. Rabon amfaninsa ba tare da faɗa ba, aikin gudanarwa ne.

Baƙin da suka kawo irin waɗannan ayyuka ba su zama har abada. Ranar da suka tafi, abin da ya rage a hannun ɗiyan ƙasa yake. Inda aka samu masu riƙo, aiki ya ɗore. Inda ba a samu ba, sai ka ga magaza a rufe, ƙofa ta yi tsatsa.

Ina ake koyon wannan sana'a?

Shekaru da yawa jami'ar gwamnati ɗaya ce a Nijar, ta Yamai. Yaron Tamaske ko na Karofan da ke son karatu mai zurfi, sai ya yi doguwar tafiya. A shekarar 2008 aka buɗe manyan makarantun koyon sana'a da ake kira IUT a Maraɗi da Damagaram da Tawa. An ba ta Maraɗi fannin gini da injuna da lantarki. Ta Tawa kuwa aka ba ta fannin gudanarwa da kasuwanci. A 2010 aka kafa cikakkiyar jami'a a Tawa, aka ƙara sashen shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Yanzu jami'ar tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, malamin tarihi wanda ya yi rubutu bisa tarihin Adar.

Ga hanyar da yaro ko yarinya ke bi kafin a kai can. Shekara 6 a ƙaramar lakwal. Shekara 4 a kwaleji, a ci jarrabawar BEPC. Shekara 3 a lise, a ci jarrabawar bak. Shekara 13 ke nan in ba a maimaita aji ba. Da takardar bak ake neman shiga jami'a. A IUT, karatun shekara 2 yana ba da takardar da ake kira DUT. Karatun shekara 3 a jami'a kuma yana ba da lisansi. Da Faransanci ake koyarwa. Akwai hukumar gwamnati mai suna ANAB da ke kula da tallafin kuɗin karatu ga ɗalibai.

Mi ake koya musu?

Ana koya musu lissafin kuɗi, wanda ake kira aikin kwantabul. Kowace dala da ta shiga ko ta fita a rubuta ta, da ranarta, da takardar shaidarta.

Ana koya musu riƙon magaza: abin da ya fara shiga shi zai fara fita, kuma a riƙa ƙirga kaya ana gwadawa da abin da ke cikin littafi.

Ana koya musu kasuwanci: yadda ake sanin farashi, yadda ake neman mai saye, yadda ake rubuta yarjejeniya.

Ana koya musu zama da ma'aikata: yadda ake ɗaukar mutum aiki, yadda ake biyan sa cikin lokaci, yadda ake yi masa gyara ba tare da an ci mutuncinsa ba.

Ana koya musu aiki da kwamfuta, da dokokin haraji da na kasuwanci. Nijar tana cikin ƙasashen da suka haɗu bisa dokokin kasuwanci iri ɗaya, waɗanda ake kira OHADA. A 2010, a birnin Lome, aka amince da dokar ƙungiyoyin gama-kai. Dokar ta ce mutum 5 na iya kafa ƙaramar ƙungiya. Ta ce a zaɓi kwamitin gudanarwa, a kuma zaɓi wani kwamitin dabam mai sa ido bisa na farkon. Wato mai riƙe da kuɗi ba shi ke binciken kansa ba.

Kafin a gama, ana tura ɗalibi wata ma'aikata ya yi ƴan watanni yana koyon aiki da hannu, sannan ya rubuta abin da ya gani.

Bayan an gama fa?

Kada wani ya ruɗe ku. Takarda ba ta ba mutum kujera ranar da ya karɓe ta. Akwai masu takardu da ke zaune suna jiran aiki. Wanda ya samu ma, daga ƙasa yake farawa: mataimakin kwantabul, ko mai riƙon magaza, ko mai karɓar kuɗi a asusun ajiya da bashi. Sai an ga riƙon amanarsa shekara da shekaru ake ɗora shi bisa wasu.

Amma wuraren da ke bukatar irin wannan sani suna da yawa kusa da mu. Ga ƙungiyoyin manoman albasa. Ga gonakin noman rani na Ibohaman, inda ake rabon ruwa da karɓar kuɗin gyara. Ga ofisoshin magajin gari, da gidajen likita, da tashoshin mota, da shagunan manyan ƴan kasuwa. Ga mata masu saƙar tabarmar Madawa, waɗanda ke bukatar wanda zai san kuɗin kaba da na rini da ladan hannu kafin a yanka farashi. Wanda ya yi wannan karatu yana iya kafa tasa sana'ar, ya ɗauki wasu aiki.

Abu ɗaya ne makaranta ba ta iya sa wa mutum, shi ne tsoron cin amana. Wannan daga gida yake fitowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Naku aikin

Wataƙila kuna cewa: "Mu da muka fara a, ba, ca bana, ina ruwanmu da jami'a?" Da ruwanku ƙwarai.

Da farko, ku ne iyaye. Shekara 13 ba wasa ba ce. Za a yi shekarar da hatsi bai yi ba, yaro ya ce zai bi abokansa cin rani. Za a yi ranar da za a zo neman auren yarinya tana tsakiyar kwaleji. A irin waɗannan ranaku ake yanke karatu. Ku daure. Ku je lakwal ku tambayi mushe yadda ɗanku yake. Ku duba takardar sakamakonsa, tunda yanzu kun iya karanta lambobi. Ɗiya mace kuma ku ba ta dama daidai da namiji. Matar da ke riƙe da kuɗin adashi na mata talatin ba tare da dala ta ɓata ba, ɗiyarta na iya riƙe asusun gari.

Na biyu, ku ne masu dukiya. Ko da an kawo muku mai babbar takarda, ƙungiya taku ce. Ranar taro ku ce a kawo littafi. Ku karanta da kanku. Ku tambaya: nawa ya shiga, nawa ya fita, ina takardar shaida? Wannan ba rashin kunya ba ne, hakkinku ne. Mai gaskiya zai yi murna da tambayar, domin ita ke wanke shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, ku fara da gidanku. Ku sayi ƙaramin littafi. Ku ja layi tsakiyar shafi. Hannun dama ku rubuta abin da ya shigo, hannun hagu abin da ya fita: iri, taki, man injin ban-ruwa, ladan ƴan ƙwadago. Ku sa ɗanku ɗan lakwal ya zauna kusa da ku yana tarawa. Ƙarshen kaka ku haɗa lissafi tare, ku ga ko gonar ta biya wahalarta.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka huɗu na mai gudanarwa.
2. A misalin albasa, don mi ƙungiya ta yi hasara ko da yake farashi ya hau?
3. Idan an sayar da buhu 70 ɗin nan jikka 25 kowanne, riba nawa za a samu?
4. A wace shekara aka kafa jami'ar Tawa?
5. Shekara nawa yaro ke yi a makaranta kafin ya kai jarrabawar bak?
6. A garinku, wa ke duba littafin ƙungiya? Yaushe aka karanta shi gaban jama'a? Ku tattauna cikin aji.