Fita Daga Yarjejeniyar Hayar Ɗakin Ɗalibai a Ingila

Da yawa daga cikin ɗalibanmu masu tafiya karatu Ingila suna sa hannu a takardar hayar ɗaki tun suna gida, kafin biza ta fito. To, ka sani takardar nan ta ɗaure ka har ƙarshen wa'adinta, galibi mako 40 zuwa 51. Ko ka kwashe kayanka ka miƙa makulli, kuɗin haya na nan a wuyanka. In ka kasa biya, wanda ya tsaya maka za a bi, kuma abin kunya ne ka jawo wa mai taimakonka bashi.

Fara duba sharuɗɗan. Wasu kamfanonin da ke ba da hayar ɗakunan suna sallamar wanda aka hana biza, muddin ya tura takardar shaida cikin kwanakin da suka ƙayyade.

In ba haka ba, nemo ɗalibin da zai maye gurbinka, mai gida ya amince da shi. Wata dokar haya ta 2019 ta taƙaita kuɗin canjin suna a takardar zuwa fam 50, sai in mai gida ya nuna ya kashe fiye da haka. Ofishin shawara na ƙungiyar ɗalibai zai duba maka takardar kyauta. Kada ka daina biya sai an sallame ka a rubuce.