Shawarwari Takwas Ga Mai Neman Izinin Gina Gida

Da yawa daga cikin magidanta ba sa tuna hukumar tsara birane sai ranar da suka je duba aiki suka tarar da jan fenti a jikin katanga, an rubuta a dakatar da gini. A lokacin kuwa an riga an zuba fandisho, bulo ya kai linta, kuɗin da aka daɗe ana tarawa ya shige ƙasa. Izinin gini ba ya cikin abubuwan da suka fi tsada a aikin gida, amma rashinsa na iya cinye aikin gaba ɗaya. Ga abubuwan da ya kamata mai shirin gini ya riƙe.

1. Ka bambanta takardar fili da izinin gini. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mutum zai ɗauko takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ya ce ai filinsa ne, wa zai hana shi gini? Filin naka ne, amma mallaka daban, izinin ɗora gini daban. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni a Nijeriya suna hannun gwamnan jiha, shi ke ba da shaidar mallaka, wadda galibi take ta shekara 99. Izinin gini kuwa hukumar tsara birane ke bayarwa: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine na Babban Birnin Tarayya a Abuja. Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 tsara birane ya tabbata aikin jihohi ne, don haka abin da ɗan'uwanka ya bi a Kaduna ba lallai ya zama shi za ka bi a Katsina ba. Je ofishin jiharka da ƙafarka ka karɓi jerin abubuwan da suke buƙata.

2. Bincika filin tun kafin ka biya kuɗinsa. Idan awon gwamnati ne, ɗauki lambar fulotin ka kai ofishin bayanan filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a duba sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa a kansa. Idan kuma awon igiya ne, wato gonar da mai ita ya yanka ya sayar ba tare da tsarin gwamnati ba, to hattara ta ninku. Irin waɗannan unguwanni su ne mafakar talaka a gefen kowane babban gari, ba kuma laifi ba ne mutum ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai. Sai dai ka tambayi hukuma ko wurin ya faɗa cikin hanyar da aka tsara fitarwa nan gaba, ko filin makaranta, ko maƙabarta, ko kasuwa. Dillali ba zai gaya maka ba, wani lokacin shi ma bai sani ba. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a Filin Idi da harabar tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa ginin da ya hau filin jama'a yana cikin haɗari ko da mai shi yana riƙe da wasu takardu.

Filin gado kuma, kada ka taɓa shi sai an raba a gaban alƙali, takardar rabon tana hannu. Magaji ɗaya da bai yarda ba ya isa ya tsayar da fayil ɗinka.

3. Safiyo kafin magini. A sa safiyo mai rajista ya auna filin, ya kafa turakun siminti a kusurwoyi huɗu, ya ba ka taswirar awo. Yawancin rigimar maƙwabta a kan taku ɗaya ko biyu ne da katanga ta ci.

4. Ba wa masu rajista aikin zane. Hukuma tana son zanen gida mai hatimin mai zanen gini da ke da rajistar ARCON, da kuma zanen rodi da ginshiƙai mai hatimin injiniyan da COREN ta san da shi. Akwai masu zana gida a kwamfuta a farashi mai sauƙi, sannan su je su sayo hatimin wani a buga. Zanen zai iya wucewa a ofis, amma wanda ya buga hatimin bai taɓa taka filinka ba, bai san ko tsohon kududdufi ne aka cike da shara ba. Idan bene kake nufi, ko da sai nan da shekara goma za ka ɗora, faɗa wa injiniya tun yau, a yi gwajin ƙasa, a lissafa fandishon da zai ɗauki nauyin. Benen da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa ne, mutane kuma suna hada-hada a ƙarƙashinsa. Gidan zama ma haka yake: iyalinka ne za su kwana ƙarƙashin dekin nan.

5. Bar wa titi, kwata da wayar lantarki haƙƙinsu. Kowace hukuma tana da tazarar da take so a bari tsakanin gini da titi, da tsakaninsa da katangar maƙwabci. Magidanci yakan ga kamar asarar fili ce, alhali ita ce ke ba ɗakuna iska da haske, ita ce kuma hanyar da za a bi idan gobara ta tashi. Kada ka toshe magudanar ruwa, kada ka sa indararonka ya zuba gidan wani, sokawe kuma ta kasance cikin filinka, nesa da rijiya. Manyan wayoyin lantarki suna da nasu hurumin: layin 330kV yana buƙatar mita 25 ta kowane gefe, na 132kV mita 15. Fili a ƙarƙashinsu yana da araha ne saboda babu hukumar da ya halatta ta ba ka izini a kansa. Haka ganuwa da badala a tsofaffin biranenmu.

6. Biya ta banki, ka riƙe rasit. A nemi takardar da ke nuna adadin kuɗin da hukuma ta yanka maka, ka biya a asusun gwamnati, ka ajiye rasit. A bakin irin waɗannan ofisoshi ba a rasa mai cewa, “Alhaji, kawo takardun, zuwa Juma'a an gama.” Wataƙila ya kawo maka takarda mai tambari, amma idan babu lambar fayil da za ka iya bibiya a cikin ofis, takardar banza ce. Yi wa komai kwafi, ka ɗauki hotonsa a waya, asalin kuma ya zauna a gida.

7. Kada ka fara aiki kafin izini ya fito. Magini zai matsa: “Maigida, damina na tafe, siminti na ƙara kuɗi, mu zuba fandisho kawai, takarda ta biyo baya.” Gaskiya ne siminti na ƙara kuɗi, jira kuma yana da ciwo, musamman ga mai biyan haya. Abin yi shi ne ka shigar da takardunka da wuri, tun kana tara kuɗi, ka yi amfani da lokacin jiran wajen sayen rodi da buga bulo. Idan jami'an duba fili suka sa rana, ka kasance a wurin tare da mai zanenka. Idan an dawo da zanen an ce a gyara, a gyara a mayar, ba ƙin amincewa ba ne. Ka kuma lura izini yana da wa'adi: dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta ba da shekara biyu a fara aiki, in ba haka ba sai an sabunta. Amma tunda tsara birane aikin jihohi ne, duba abin da aka rubuta a jikin naka.

8. Gina abin da aka amince da shi. An ba ka izinin gida mai ɗaki huɗu, aiki ya yi nisa sai wani ya ba da shawarar a fitar da shaguna uku a gaba, ko a ɗora bene don samari. Duk wannan sabon abu ne a wurin hukuma, mayar da gidan zama wurin kasuwanci kuma yana da nasa izinin. Koma ka nemi gyaran zane kafin a taɓa bulo. Ajiye kwafin zanen mai tambari a wurin aikin, a cikin leda, a hannun shugaban magina, domin duk jami'in da ya zo shi zai fara tambaya. Ranar da za ka sayar da gidan, ko ka nemi bashin banki da shi, ko gwamnati ta zo faɗaɗa titi ana lissafin diyya, wannan zanen da rasit ɗin nan su za a ce ka kawo.