Baƙar Ƙofa da Ranar La'asar: Darasin da Na Koya a Gidanmu na Kusada

Wannan darasi ba a aji na fara koyonsa ba. A ƙofar gidanmu na koye shi, kuma tafin hannun wata yarinya 'yar shekara huɗu ne ya biya kuɗin makarantar.

Bara Baba ya rushe tsohon zauren gidanmu a Kusada ya tayar da na bulo. Da aka zo maganar ƙofa, Yayana ya ciro waya ya nuna mana hotunan gidaje a Instagram, kowanne da baƙar ƙofa tana sheƙi. Baba ya juyo gare ni ya ce, "To, kai ne ɗan makarantar gini, me ka gani?" Ni kuwa, don kar a ce ban san zamani ba, na ce ai baƙi shi ake yayi. Muka je Kankia wurin wani mai walda muka ba da aiki. Mutumin ya dube ni ya ce, "Ɗan samari, ina ƙofar take kallo?" Na ce yamma. Ya ce, "Anya kuwa?" Na ce ya dai yi abin da aka sa shi. Ya yi shiru, ya karɓi kafin alƙalami.

Da sanyi ba mu ga komai ba, sai ƙurar hunturu da ke kwanciya a kanta kullum. Da bazara ta shigo, wata rana bayan la'asar ɗiyar Yayana ta dawo daga Islamiyya ta dafa ƙofar da hannu biyu za ta tura. Ihunta muka ji. Tafin hannun ya yi jawur, kwana biyu ba ta iya riƙe allo sosai. Baba bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam injiniya, ga aikinka nan." Wallahi da duka na ya yi da ya fi mini sauƙi.

Me ya sa baƙi ke zafi?

Launi ba ado ba ne kaɗai. Abin da ido ke gani a matsayin fari, fuska ce da ke mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kanta. Baƙi kuwa shanye shi yake yi, hasken da aka shanye kuma zafi yake komawa. Baƙin fenti na shanye kusan kashi 9 cikin 10 na hasken rana, farin fenti mai tsabta kuwa kamar kashi 2 zuwa 3 ne.

Mu yi lissafi. Idan sama ta yi garau, ƙarfin rana a kan murabba'in mita guda da ke fuskantarta kai tsaye yana kai wa wajen wat 1,000. Ƙofar da aka saba yi tana da faɗin mita 0.9 da tsawon mita 2.1, wato kusan murabba'in mita 1.9. Mu ɗauki rabi kawai, tunda ƙofa a tsaye take kuma akwai ƙura a iska: wat 950 ke nan. Baƙar ƙofa za ta shanye wajen 850, fara kuma ƙasa da 300. Dutsen guga na lantarki wat 1,000 ne ko fiye kaɗan. Ka ga kenan mun kafa wani abu mai kama da dutsen guga a bakin zaure, a yankin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa ma.

Akwai masu cewa ai baƙi ya fi saurin hucewa da dare. Wannan ba hujja ba ce. Wajen fitar da zafi, kusan duk fenti ɗaya suke, fari ko baƙi. Bambancin yana wajen shanyewa da rana ne. Haka kuma baƙi mai sheƙi da marar sheƙi ba su da wani nisa a zafi. Shuɗi mai duhu da ruwan makuba ma 'yan gida ɗaya ne da baƙi a wannan fanni.

Sai kuma maganar miƙewa. Ƙarfe na ƙaruwa idan ya yi zafi. Ƙofa mai tsawon mita 2.1, in zafinta ya ƙaru da digiri 40, za ta miƙe da kusan milimita 1. Kaɗan ne, amma tunda fuskar waje ta fi ta ciki zafi, ƙofar kan ɗan lanƙwashe. Shi ya sa sakatar gidanmu ke cijewa da yamma, ta saki da asuba. Inna har ta fara zargin ko an yi mana wani abu ne.

Ina ƙofarka take kallo?

Tambayar mai waldan nan ita ce darasin gaba ɗaya. In ba ka da na'urar gane kusurwa, tuna alƙibla: a nan yankinmu gabas take, da ɗan karkata zuwa arewa.

Ƙofar da ke kallon yamma ita ta fi shan wuya, domin rana na dukanta daga bayan azahar har faɗuwa, daidai lokacin da iska kanta ta fi zafi. Ta gabas tana shan hantsi, amma iska ba ta gama ɗumama ba a lokacin. Kudu da arewa sun fi sauƙi, saboda da tsakar rana tana can sama. Sai dai a lura, Kankia da Kusada suna wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana ta arewacinmu take bi, sauran watanni kuma ta kudu. 'Yar rumfa a saman ƙofa ta isa ta tare mafi yawan wannan. Ta yamma kuwa rumfa kaɗai ba ta isa, don rana ta yi ƙasa tana shigowa ta ƙarƙashi. Sai baranda mai zurfi, ko katanga, ko bishiya irin bedi, wanda wasu ke kira darbejiya.

Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma dubi tsohon zaure: bangon ƙasa mai kauri, ƙyauren katako yana can ciki a lafe, inuwar bangon na rufe shi. Mu muka fito da ƙofa fili, muka yi ta da ƙarfe, muka shafa mata baƙi.

To su masu baƙar ƙofar fa?

Baƙar ƙofar da ta fi suna a duniya ita ce ta gida mai lamba 10 a Titin Downing da ke Landan, mazaunin Firayim Ministan Birtaniya. Da ta katako ce, aka sauya ta da ta ƙarfe bayan harin da 'yan IRA suka kai wa gidan a 1991. Amma Landan tana wajen digiri 51 ne arewa, inda mutane ke murna in rana ta leƙo. Abin da ya dace da su ba lallai ya dace da Kusada ba. Hoton da ke cikin waya ba ya nuna maka yanayin garin da aka ɗauke shi.

In ka nace sai baƙi

Ban ce haramun ba ne. Baƙi yana da kwarjini, musamman a jikin bango mai haske. Amma ka cika waɗannan sharuɗɗa. Na farko, ƙofar ta kasance a inuwa daga azahar zuwa magariba. Na biyu, a goge ƙarfen da samfefa, a fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin na sama, domin zafi na sa fenti saurin tsagewa, damina kuma ta sami hanya. Na uku, a lulluɓe ta ciki da katako don kar zafin ya wuce cikin ɗaki. Na huɗu, mai walda ya bar 'yar tazara tsakanin ƙofa da firam. Na biyar, ka shirya gogewa, don ƙurar hunturu ta fi fitowa a kan baƙi. In sharaɗin farko bai samu ba, ka bar baƙin a firam da zanen ado kawai, jikin ƙofar a yi masa ruwan madara, ruwan ƙasa ko toka mai haske.

Kar ka yarda da ni haka kawai. Nemo gwangwanin madara biyu, ka shafa wa ɗaya baƙi ɗaya fari, ka zuba ruwa daidai wa daida, ka ajiye su a rana awa guda, sannan ka tsoma yatsa.

Mu dai da kuɗin aljihuna na sayi fenti ruwan madara, na koma Kankia na ce wa mai waldan, "Baba, ka yi haƙuri, kai ne da gaskiya." Ya yi dariya ya ce in bar shi ya zo da kansa ya gyara sakatar. Mun dasa bedi a gaban zauren, ɗiyar Yayana ce ke ba shi ruwa. Gobe in wani ya kawo maka zanen gida ko ya nemi shawarar launi, kafin ka buɗe waya ka fita waje ka duba inda rana ke faɗuwa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.