Leda da Sanhon Kaba a Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga zuwa Shagari zai ga baƙar leda ta sarƙe a ƙaya, ta kwanta a gonaki da bakin kasuwanni. Akuya ko saniya takan haɗiye ta saboda ƙanshin abincin da ya rage a cikinta. Leda kuwa ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu, ko a yanka ta da hasara. Mahauta shaidu ne.

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa wajibi ne a gusar da cuta. A Sahihu Muslim an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. To, idan mai kawarwa yana da lada, ina matsayin mai yar da abin da zai kashe akuyar maƙwabcinsa, wadda watakila ita ce jarin marainiya?

Maganin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga, babu leda. Da sanhon kaba da kwando ake cin kasuwa, a ɗaure kaya da igiyar rama, a ƙunshe goro a ganyen fita. Waɗannan idan sun tsufa gara ta ci, ruwan damina ya ruɓar da saura, su koma taki.

Wasu ƙasashe sun riga sun farga. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002, bayan ta toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya, sa'an nan a 2010 ta kafa dokar zuba wasu kayayyaki a buhunan zaren tsiro dangin rama. Ruwanda ma ta hana leda a 2008.

Gaskiya ne sanho ya fi leda tsada, amma yakan daɗe, kuɗinsa kuwa hannun masaƙan ƙauye yake komawa. Saboda haka ya kamata magidanci ya riƙi sanhonsa ranar kasuwa, limamai su tunatar a huɗuba, malamin makaranta ya hori almajiransa da tsince ledar da ke ƙofar masallaci.

Allah Shi ne Masani.