Amsoshin Tambayoyinku: Zan iya mayar da tirelar kaya ɗakin kwana?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Filinge, yadi da takalma nake sayarwa, ina bin kasuwannin mako tun daga Baleyara, Bonkuku, har Tukunus. Kowane mako sai na kwana uku ko huɗu a waje, galibi a gindin rumfa, in ta da kai da ƙunshin yadi. Da damina ruwa da sauro, da hunturu sanyi da ƙura, ga fargabar ɓarawo. Bara na sayi wata tsohuwar ƙaramar tirela a Yamai, irin wadda muke ce wa remok, mai ƙafa biyu, tsawonta mita biyu da rabi, faɗinta mita ɗaya da rabi. Da tsohuwar a-kori-kurata nake janta. Ɗana ya nuna mini a waya yadda Turawa ke mayar da irinta ɗakin kwana. Shin wannan zai yiwu a ƙasarmu? In zai yiwu, ta ina zan fara?

*Daga wani mai karatu a Filinge, ƙasar Kurfai*

Amsa: Allah ya sa albarka a nema. Zai yiwu ƙwarai, kuma mai waldar da ke unguwarku ya isa ya yi maka aikin. Sai dai ina roƙonka abu guda tun kafin a yanka ƙarfen farko: ajiye hotunan wayar nan a gefe.

Waɗanda suka yi hotunan sanyi suke gudu. A Amurka tun shekarun 1930 mutane ke ƙera ƙananan tireloli na kwana a bayan gidajensu, da yawa daidai girman fallen katakon filawud guda, wato wajen mita 1.2 a faɗi da 2.4 a tsawo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara yaɗuwa. Nasu akwati ne rufaffe ruf mai riƙe ɗumi. Kai kuwa a Dallol Bosso kake, inda zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 ko a inuwa. In ka kwaikwayi nasu, tanda za ka gina wa kanka. Malaminka a wannan aiki yana kusa da kai: Buzun da ke kafa bukkar tabarmi a bayan gari. Dubi ɗakinsa da kyau. Ba shi da nauyi, sama a rufe yake, gefe kuwa yana ɗagawa iska ta ratsa. Abin da za ka ɗora a kan ƙafafun tirelarka ke nan, inuwa mai tafiya da za a iya kullewa.

Fara daga ƙasa

Kowa ɗoki yake yi ya ga bango ya tashi, alhali ran tirela a ƙarƙashinta yake. Kwashe komai, ka sa a ɗaga ta da jak a tokare da kututture, ka shiga ƙasa da guduma da tocila. Ƙwanƙwasa shasi gaba da baya. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi dum, wani wurin ma guduma ta burma. Duba wuyan tirelar, inda ya haɗu da shasi, domin a nan walda ta fi tsagewa. Duba sifirin ko akwai falle da ya karye. A cire ƙafafun biyu, a wanke boris da kananzir, a duba, a cika da sabon giris. Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. Tayar da ta shekara biyar a rana tana iya zama da zane, gefenta kuwa duk ya tsattsage. In da hali, ka nemi ƙafafun da suka yi daidai da na motarka, sai safaya ɗaya ta wadatar da su duka.

Daga nan sai lissafin nauyi, wanda shi ne mutane suka fi rainawa. Yawancin tirelolin kamfani suna da ɗan allon ƙarfe a wuya, an rubuta iyakar nauyin da za su ɗauka. A Turai, ƙaramar tirela marar birki ba ta wuce kilo 750 ita da kayanta. Mu ɗauka taka irin wannan ce, kuma ita kanta kilo 250 ce. Saura 500. Ƙarafa da katako da rufi su ci 150. Batir 30. Jarka biyu ta ruwa mai lita 25, kilo 50 ke nan, tunda kowace lita kilo guda ce. Katifa, tukunyar gas da kayan girki 40. Safaya da jak da kayan gyara 30. Ka ga saura kilo 200 kacal na haja. Misali ne na kawo, kai sai ka auna naka a sikelin ƴan kasuwa, ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a takarda. Duk abin da ka ƙawata ɗakin da shi, daga rabon yadinka ka cire. Shi ya sa nake ba ka shawara haja mai nauyi ta zauna a bayan mota, tirela ta ɗauki makwanci da kaya marasa nauyi.

Yadda aka jera kayan ma yana da hukunci. Kaso mafi yawa, kamar shida cikin goma, ya zauna gaban ƙafafu, ta wajen mota, kuma mai nauyi a ƙasa. Wuyan tirela ya riƙa danna ƙugiyar mota da kusan ɗaya bisa goma na dukkan nauyin. Na taɓa ganin abin da saɓa wannan ke jawowa. Muna cikin mota a kan kwalta, gabanmu wata a-kori-kura na jan tirela da aka jibge wa buhunan dusa a can ƙarshen baya. Da direban ya ɗan ƙara wuta, sai tirelar ta fara kaɗa gindi dama da hagu kamar wutsiyar saniya, tun kaɗan-kaɗan har ta fara jan bayan motar. Allah ya taimake shi bai taka birki da ƙarfi ba, ya ɗaga ƙafa daga totur har ta lafa. Da muka tsaya, hannunsa rawa yake yi, ya kasa buɗe gorar ruwa. Buhu huɗu kawai aka mayar gaba, tirelar ta bi shi lami lafiya. Ka kuma sa sarƙa biyu tsakanin wuya da mota, ko da ƙugiya ta kuɓuce.

Rufi biyu, taga huɗu

Yanzu sai ɗakin. Ƙarafan ginshiƙi su zama bututu mai kusurwa huɗu marar kauri sosai. A kasuwar Katako ta Yamai za ka samu su, tare da filawud da kwano da ƙusoshi. Kada tsayin ɗakin ya wuce yadda za ka zauna a kan katifa kanka bai taɓa sama ba, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Na san rai yana son ɗakin da za a miƙe tsaye a ciki, amma doguwar tirela iska ce ke wasa da ita. Guguwar da ke riga ruwan farko a ƙasarku, wadda ke turnuƙe gari da jan ƙasa, ba ta raina abu mai tsayi da ƙunci. Ga shan mai, ga rassan gawo da ke kan hanya.

Rufi shi ne asirin aikin duka. Ka taɓa aza tafin hannu a kan kwanon rumfa da azahar? Ba ka iya ƙirga biyar. Saboda haka rufi biyu za ka yi. Na ciki filawud, a bayansa a shimfiɗa farin soson nan da ake kare firji da shi a cikin kwali, sannan kwano. Na sama kuma wani fallen kwano ne da aka ɗaga kamar faɗin tafin hannu, gefensa a buɗe ta ko'ina. Rana ta doki na sama, iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafin. A shafa farin fenti a sama da bango, don fari yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi. In ka yada zango, jefa zana ko tabarmar kaba a bisa, ka ga bambanci. Kaba kuwa ba baƙuwa ba ce a dallol.

Taga a kowane gefe, masu kallon juna, kowace da ragar sauro ta ƙarfe da sanduna daga ciki, da murfi mai ɗagawa sama wanda zai tare ruwa ko yana buɗe. Ban da su, a bar ƙananan kafofi biyu da ba a rufewa har abada, ɗaya ƙasa ta gaba, ɗaya sama ta baya. Iska mai zafi sama take hawa ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Gidan sauro kuma kada ka bar shi a gida don ka sa raga, raga kan yage.

Ga wata dabara da za ta yi maka aiki biyu. A yi bangon gefe ɗaya da faffaɗan murfi mai ɗagawa, a tokare shi da sanduna biyu. Da rana rumfar shagonka ce, ka rataye yadi, ka jera takalma a inuwarta. Da dare ka sauke ka kulle daga ciki. Gadon kuma ya zama akwati mai murfi, kaya a ciki, kai a kai. Ɓarawon da zai taɓa hajar da ke ciki sai ya ɗaga ka tukuna. Filawud ɗin daɓe a shafe shi da fenti ciki da waje saboda laima da gara, ƙofa kuma a liƙa mata tsohon tub na taya a baki don ƙura.

Wuta da iska

Allon sola mai wat 100 ya ishe ka. A ranar ƙasarmu zai tara maka wajen wat 400 na awa a yini. Fanka ƙarama mai wat 20 in ta kwana tana juyawa awa takwas ta ci 160, ƙwan fitila biyu masu wat 5 na awa huɗu su ci 40, cajin waya kuwa ɗan kaɗan ne. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 zai riƙe wannan, muddin ba ka zuƙe shi ƙasa da rabi ba. Tsakanin allo da batir a sa regilata, kusa da kan batir kuma a sa fis. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka akwatinsa a waje, a kan wuyan tirela, da ƴan huji. Ka riƙa share ƙurar allon kowace safiya.

Abin da zan faɗa yanzu, Alhaji, ina so ka karanta wa duk wanda zai kwana a ɗakin nan. Kada a shigar da garwashi ciki. Daren Janairu in sanyi ya tsananta, zuciya za ta raya maka ka jawo kaskon shayi ka rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum ya ji kansa ya yi nauyi, barci ya kwashe shi, shi ke nan. A ɗaki ƙarami kamar wannan abin ba ya ɗaukar lokaci. Shayi da girki duka a waje, tukunyar gas ma a waje take kwana. Maganin sanyi bargo. Haka nan ba a ɗaukar mutum a cikin tirela tana tafiya, ko yaro ko babba, komai gajartar hanya.

Hanya da hukuma

Daga Yamai zuwa Filinge kimanin kilomita 180 ne, kuma duk mai bin hanyar ya san shingayen da ke kanta. Tun kafin ka kashe kuɗi, je wurin jandarma ko ofishin sufuri da takardun sayen tirelar, ka faɗa musu abin da kake shirin yi, su gaya maka abin da ake buƙata na lamba da inshora. Fitilun baya, na birki da sigina su yi aiki, a liƙa abin ƙyalli ja a baya.

Halin tsaron yankin Tilaberi a shekarun nan kuwa ka fi ni saninsa. Samun ɗaki mai ƙafa kada ya ja ka kwana a daji ko tafiyar dare. Ka ci gaba da sauka cikin gari, kusa da tasha ko ƙofar mai masaukinka, maigari ya san da kai. Akwati rufaffe baƙon abu ne a idon jami'in tsaro, don haka ka nisanci fenti mai kama da na soja, ka rubuta sana'arka ɓaro-ɓaro a jiki, in an tsayar da kai ka riga su buɗe ƙofa.

Batun kuɗi, bi wannan jeri: ƙafafu da shasi da ƙugiya tukuna, sai rufi da tagogi, sai sola, ado a ƙarshe in an samu rara. Ko a rufi kuɗin ya tsaya, ka riga ka fi gindin rumfa, tamfol ya tsare gefe kafin kasuwa ta yi kyau.

In an gama, tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu a cikinta a ƙofar gidanka, ka sa yara su kwara mata ruwa da bokiti ka ga inda take yoyo. Sannan ka loda ta kamar ranar kasuwa, ka ja ta zuwa Tukunus a hankali. A rabin hanya tsaya ka dafa cibiyar kowace ƙafa. Ɗumi ba komai, amma in ta ƙona maka hannu, boris na neman gyara. Ka sake ɗaure ƙusoshin ƙafa, ka zagaya ka duba walda. In ta wuce wannan jarrabawa, ranar Lahadi sai ka nufi Baleyara da ita.

Allah ya tsare hanya, ya kawo kasuwa. In ka kwana cikinta damina guda, rubuto mana abin da ka gyara, domin na tabbata ƴan'uwanka masu bin kasuwannin Kurfai za su zo kallo, kuma za su yi tambaya.