Hausar Rukuni: Nazarin Hausar Makanikai Masu Raya Tsofaffin Motoci a Runjin Sambo, Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Bayan karin harshe na yanki, wato irin su Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci, akwai kuma wani nau'in bambancin magana da ke samuwa saboda sana'a ko shekaru ko jinsi ko matsayi. Shi ne ake kira Hausar rukuni. Mahauta suna da tasu, haka 'yan koli da malaman zaure da 'yan tasha. A wannan darasi za a ɗauki rukuni ɗaya a yi masa nazari, wato makanikai masu gyara da raya tsofaffin motoci. An ɗauko misalan ne daga irin maganar da ake ji a garejojin Runjin Sambo, unguwar da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

i. bayyana tarihin da ya haifar da wannan Hausa;
ii. nuna yadda Hausa take sarrafa baƙin kalmomi ta fuskar furuci da jinsi da jam'i;
iii. rarrabe abin da yake na rukuni da abin da yake na Sakkwatanci a cikin magana ɗaya;
iv. amfani da wannan ilimi a aji.

3.0 Tushen Sana'ar

Ba a fahimtar kalmomin wata sana'a sai an san tarihinta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, amma bai ƙaraso Sakkwato ba. Saboda haka, tun zamanin mulkin mallaka, mota ce ta gaji raƙumi da jaki wajen ɗaukar mutane da kaya a wannan yanki. Yawancin motocin wancan zamani ƙirar Ingila ne, kamar Bedford da Austin da Morris da Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948. A jikinsu makanikan farko suka koyi aiki, kuma da su kalmomin Turanci suka shigo gareji.

A ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, abin da ya rage wa motoci masu sitiyari irin na Ingila kasuwa. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, sai Fijo 404 da 504 suka mamaye hanyoyin Arewa. An ci gaba da harhaɗa 504 a can har wajen 2006, shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Sai aka koma ga motoci da injunan da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake shigowa da su ta Legas da Kwatano, ana kiran su "Beljiyam". Daga nan canza wa mota inji ya zama ruwan dare.

Wannan al'ada tana da takwararta a wasu ƙasashe. A Ingila da Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin ƙananan motocin ƙawa na Ingila, irin su MGB, wadda aka ƙera fiye da 500,000 tsakanin 1962 da 1980, da Triumph Spitfire ta wannan tsakanin. Sun kasu kashi biyu. Wasu suna ganin dole a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, ko ƙusa kada a sauya. Wasu kuwa suna cire ƙaramin injinta su ɗora babba. A 1962 Ba'amurke Carroll Shelby ya sa injin Ford mai silinda 8 a motar AC Ace, aka sami Cobra. Haka Ken Costello ya riƙa ɗora wa MGB injin Rover mai lita 3.5, kafin kamfanin ya fito da irin tasa a 1973. Bambancin shi ne, a can sha'awa ce ta fi yawa, a nan kuwa larura ce. Duk da haka, a Sakkwato ma ana samun mai riƙe da 504 ko Land Rover ta gado, yana kashe mata abin da ya fi kuɗinta, don ta mahaifinsa ce.

3.1 Matanin Nazari

Ga misalin irin hirar da ake ji tsakanin mai mota da makanike. A karanta ta da babbar murya.

Mai mota: Salamu alaikum. Maigida, mi aka ciki da motag ga?

Makanike: Ranka shi daɗe Alhaji, mun sauke injin jiya. Histin biyu sun ci, karanshaf ma ya taɓu. Shi as sa taka shan baƙin mai tana hayaƙi.

Mai mota: To mi za a yi? Ka san motat tsohona ta, tun tana sabuwa yas saye ta Kaduna.

Makanike: Hanya biyu ta. Ko a yi mata garambawul, ko a ɗora mata na Beljiyam. In anka ɗora na Japan ta rage shan mai, amma sai an yanke kujerar inji an sake walda.

Mai mota: A'a, kak ka yanke mata komi. A yi garambawul, ko nawa na.

Makanike: Shi ke nan, Alhaji. Kai yaro, miƙo sufana mai lamba sha ukku, ka wanke hulogogin ga da hetur.

Domin a gane abin da suke jayayya a kai, garambawul shi ne a warware inji gaba ɗaya, a canza fistin da ringi da gaskit da duk abin da ya ci, a sake ɗaure shi. Ɗora wani injin kuwa iri biyu ne. Idan na gida ɗaya ne, kamar injin 505 mai lita 2 a jikin 504, aikin ba shi da wuya, domin ƙirarsu ɗaya. Idan baƙo ne, sai an sake masa kujera, an daidaita bakinsa da akwatin giya, an gyara tsawon farfela, an duba ko lagireto zai iya sanyaya shi, an sake wayoyi da salansa. Bayan haka sai a gyara lambar inji a takardun mota.

3.2 Sarrafa Furuci

Hausa ba ta karɓar baƙuwar kalma yadda ta zo, sai ta daidaita ta da tsarin sautinta. Hanyoyi uku ne suka fi fitowa a nan.

Ta farko ita ce musanya sauti. Sautin da babu shi a Hausa ana maye gurbinsa da mafi kusa da shi. Turancin p yakan koma f, kamar yadda piston ta zama fistin, pump ta zama famfo. Haka v yakan koma b, kamar a bawul da direba da sabis.

Ta biyu ita ce saƙala wasali. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, don haka ake raba su da wasali: plug ta zama fulogi, spanner ta zama sufana, grease ta zama giris. A lura cewa wasalin da ake saƙalawa ba na ganin dama ba ne. Kusa da baƙin leɓe, irin f da b, sau da yawa u ke zuwa, a wasu wurare kuma i.

Ta uku ita ce kwaikwayon ƙira. Kalmomin lagireto da kafireto sun fito daga kalmomi biyu da ba su yi kama sosai ba a Turanci, amma a bakin makanike sun zama tamkar wa da ƙane, gaɓa huɗu-huɗu, da ƙarshe iri ɗaya.

Akwai kuma wurin da tsawon wasali ke raba baƙuwar kalma da 'yar gida. Giyar mota tana da dogon wasali a gaɓar farko, giyar sha kuwa gajere. Rubutun yau da kullum ba ya nuna wannan.

3.3 Jinsi da Jam'i

Turanci ba ya raba sassan mota zuwa namiji da mace, amma Hausa dole ta raba. Ƙa'idar ita ce, sunan da ya ƙare da wasalin a yakan zama mace: mota ce, taya ce, salansa ce, giya ce. Sauran kuwa maza ne: birki ne, inji ne, batir ne, totur ne. Ƙa'idar tana karyewa a wuri biyu. Direba namiji ne ko da ya ƙare da a, domin jinsin mutum ya rinjayi ƙirar kalma. Sunayen motoci kuma mata ne duk yadda suka ƙare: Fijo ce, Marsandi ce, domin kalmar mota tana ɓoye a bayansu.

Wajen jam'i, yawancin kalmomin sun bi ajin da ake maimaita baƙin ƙarshe tsakanin o da i: taya da tayoyi, direba da direbobi, fulogi da fulogogi, gareji da garejoji. A mota da motoci kuwa an sami ganɗantawa, t ta koma c a gaban i, daidai da yadda ake samu a kalmomin asali. Wannan shaida ce cewa kalmar ta zama 'yar gida.

3.4 Ƙirƙira da Faɗaɗa Ma'ana

Kuskure ne a ɗauka cewa aro kaɗai makanike ya iya. Da kalmomin gida ya ƙirƙiri baƙin mai, kujerar inji, kan inji da mai faci. Ya kuma ɗauki mota tamkar mai rai: tana tashi, tana mutuwa, tana shan mai, tana tari. Ƙarfe yana ci, wato yana sudewa, inji yana bugawa, wato yana lalacewa gaba ɗaya. Jama'a ma sun laƙaba wa motoci sunaye, kamar a-kori-kura da kiya-kiya da gingimari, tsohuwa tukuf kuma a ce akwala.

Wasu kalmomin sun bar gareji sun shiga Hausar kowa. Ana yi wa majalisar ministoci garambawul. Ana taka wa mai rigima birki. Ana cewa magana ta canza giya. Kalmar Beljiyam ta tashi daga sunan ƙasa ta zama sifar duk kayan da aka yi amfani da su a waje, ko da daga Jamus suka fito.

3.5 Sakkwatanci a Cikin Hausar Rukuni

A koma ga matanin da ke 3.1. Kalmomin histin, hulogogi da hetur na rukuni ne, amma furucinsu na yanki ne, domin inda Daidaitacciyar Hausa ke da f, Sakkwatanci yana da h, ko hw a gaban a, kamar hwaci da hwanka. Haka kuma mi, anka, taka, motag ga, yas saye, da dirka na da ta a madadin ne da ce, duk na yanki ne. Ke nan magana ɗaya tana iya ɗaukar alamun rukuni da na yanki a lokaci guda.

Da an tsallaka iyaka ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, sai a ji wasu kalmomin sun sauya, domin Hausar Nijar daga Faransanci ta yi aro. Fulogi ya zama buji, fetur ya zama isansi, babbar mota kuma kamyo. Makaniken Sakkwato da ke hulɗa da direbobin Nijar yakan san duka biyun.

4.0 Muhimmancin Darasin ga Malami

Da yawa daga cikin yaran da za ku koyar suna zuwa gareji bayan an tashi makaranta. Yaron da bai iya ba da misalin jam'i daga littafi ba, zai iya jero muku goma daga akwatin kayan aikin maigidansa. Malamin da ya ce masa fulogi ba Hausa ba ce ya yi kuskure a ilimi, ya kuma rufe bakin yaron. Abin da ya dace shi ne a nuna masa cewa hulogi daidai ne a magana, fulogi ake rubutawa a jarrabawa, a kuma bayyana masa dalili.

Abu na biyu shi ne adanawa. Motocin da ake ƙerawa yanzu ba su da kafireto, kwamfuta ke raba musu mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wasu masu motoci sun koma amfani da gas, sababbin kalmomi kuma suna shigowa. Duk tsohon makaniken da ya rasu, yana tafiya da kalmomin da ba lalle ne a same su a ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 ba. Tattara su aiki ne da ɗalibin Hausa zai iya yi da littafi da biro.

5.0 Kammalawa

An ga yadda tarihin sufuri ya haifar da Hausar makanikai, da yadda Hausa ke sarrafa abin da ta aro ta fuskar furuci da jinsi da jam'i, da yadda take ƙirƙirar nata. An kuma ga cewa karin yanki da Hausar rukuni suna tafiya tare ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

6.0 Auna Fahimta

1. Kawo kalmomi biyar da aka saƙala wa wasali, ka nuna wurin da aka saƙala shi.
2. Me ya sa ake cewa Fijo ce, alhali kalmar ba ta ƙare da a ba?
3. Mayar da hirar da ke 3.1 zuwa Daidaitacciyar Hausa.

7.0 Jinga

Ziyarci garejin da ya fi kusa da kai. Ka fara gaida maigida ka nemi izininsa, sannan ka tattara kalmomi 30. Ka rarraba su zuwa na aro da ƙirƙirarru, ka nuna jinsi da jam'in kowace, ka kuma sa alama a kan waɗanda tsofaffin makanikai kaɗai ke amfani da su.